Ruwan da ke Kwance a Kan Dutse: Awon Dusar Ƙanƙara a Shekarar Fari

 

Batun da aka ɗora mini yau ya yi nisa da ƙasarmu, domin magana ce a kan dusar ƙanƙara da ke sauka a tsaunukan yammacin Amurka, da yadda ake auna ta a shekarar da ta yi ƙaranci. Zan tsaya a jihar Kalifoniya, inda aka haura shekara 100 ana wannan aiki, kuma inda kuskure a cikinsa yake da tsada ƙwarai. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, alƙaluman da hukuma ke fitarwa ranar 1 ga Afrilu, waɗanda manomi da mai tsaron dam da hukumar ruwan birni duk suka rataya a kansu, sun fi rauni a shekarar da aka fi buƙatarsu, wato shekarar fari. Gyaran wannan rauni yana buƙatar a kai awo inda ba a saba kaiwa ba, a riƙe tsohon awon hannu hannu bibbiyu, sannan a raba ruwa tun da wuri bisa hasashe mafi ƙanƙanta.

Daminar Kalifoniya da sanyi take zuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ake samun galibin ruwan shekara, sannan sama ta ɗauke kusan gaba ɗaya a watannin zafi, daidai lokacin da gona ke neman sha. Abin da ya ceci jihar shi ne jerin tsaunukan Siyera Nebada da ke gabashinta, masu tsawon kilomita wajen 640. Hadarin da ya taso daga tekun Fasifik idan ya haye waɗannan duwatsu sai ya zuba dusar ƙanƙara, ta taru hawa kan hawa, ta kwanta har sai rana ta yi ƙarfi a watan Afrilu, sannan ta riƙa narkewa sannu a hankali tana gangarowa koguna har zuwa Yuli. Kusan kashi 30 cikin 100 na ruwan da jihar ke amfani da shi daga nan yake fitowa, jihar da ke da mutum kimanin miliyan 39, kuma take ciyar da Amurka da kayan lambu da 'ya'yan itace. Dutsen nan rumbu ne, kuma ko wane magidanci ya san amfanin leƙa rumbu tun kaka, domin wanda ya san dami nawa ke ciki shi ne zai san yadda zai rage awon gida kafin bazara ta kama shi. Tsakanin ranar da aka auna ƙanƙara da ranar da ruwanta zai iso gona akwai watanni, kuma waɗannan watanni su ne ribar aikin gaba ɗayansa.

Wanda ya kafa hanyar awon ba injiniya ba ne. James Church malamin Latin da adabin dā ne a Jami'ar Nebada da ke Reno, mutum mai son hawan dutse da sanyi. A farkon ƙarni na 20 ana rigima a kan tafkin Tahoe tsakanin masu gidaje a bakin tafkin, waɗanda ke tsoron ambaliya, da masu buƙatar ruwan a ƙasan kogin Truckee, waɗanda ke son a tare shi. Babu wanda ya san yawan ruwan da zai sauko, saboda haka kowa na jayayya ne da ka. Wajen 1908 zuwa 1909 Church ya ƙera wani dogon bututun ƙarfe mai haƙora a baki, ya gwada shi a Dutsen Rose. Har yau da jikan wannan bututu ake aiki. Mai awo yakan kafa shi a tsaye, ya danna yana murzawa har ya ji ya taɓa ƙasa, ya karanta zurfi a jikinsa, ya zaro. Abu na farko da zai duba shi ne bakin bututun: idan babu ɗan guntun ƙasa ko ganye a maƙale, to bai kai ƙasa ba, sai a sake. Daga nan ya rataya shi a sikeli. An yanka faɗin bakin ne yadda nauyin oza ɗaya zai yi daidai da inci ɗaya na ruwa, don haka sikelin kai tsaye yake faɗin ruwan da za a samu idan ƙanƙarar ta narke. Nauyin ake nema, domin zurfi yana yaudara: sabuwar dusa kusan duk iska ce, ruwanta bai fi kashi ɗaya cikin goma ba, amma wadda ta kwana watanni ta danne kanta tana iya kaiwa kashi huɗu. Kalifoniya ta mayar da wannan aiki na hukuma a 1929, gwamnatin tarayya ta bi sahu a 1935 bayan farin da ya addabi ƙasar. Yau jihar na da filayen awo sama da 250 da ake zuwa da ƙafa ko da jirgi mai saukar ungulu, a tsaya a kan wurare guda shekara bayan shekara.

Ɗaya daga cikin filayen nan shi ne Phillips, a gefen babbar hanya mai lamba 50, a tudun da ya haura mita 2,000, inda ake awo tun 1941. A al'ada, farkon Afrilu akan tarar da ƙanƙara mai zurfin mita 1.7 a wurin, kusan tsayin namiji. Ranar 1 ga Afrilu, 2015, shugaban masu awon jihar, Frank Gehrke, ya je da bututunsa ya rasa inda zai soka, domin busasshiyar ciyawa ce kawai. Gwamna Jerry Brown na tsaye a gefensa. Jimillar ƙanƙarar tsaunukan a ranar kashi 5 cikin 100 ce ta abin da aka saba, alhali mafi muni da aka taɓa gani kafin nan, a 1977 da 2014, wajen kashi 25 ne. A nan kan ciyawar gwamnan ya ba da umarnin rage ruwan birane da kashi 25, karon farko da aka tilasta irin wannan a faɗin jihar. Daga baya masu nazarin zoben cikin itatuwa suka nuna cewa a cikin shekara 500 ba a ga ƙarancin ƙanƙara irin wannan ba.

Shekarar 2015 ba ta wahalar da mai hasashe ba, domin wanda ya ga dutse tsirara ba ya buƙatar lissafi kafin ya san babu ruwa. Shekarar da ta tona asirin hanyar ita ce 2021. Yadda ake hasashen shi ne a ɗauki nauyin ƙanƙarar bana, a koma cikin kundin shekarun baya, a ga ruwa nawa ya sauko a shekarun da aka sami irin wannan nauyi, sai a ce bana ma haka za a samu. Ma'aikatar albarkatun ruwa ta jihar tana fitar da wannan lissafi daga Fabrairu zuwa Mayu. A Afrilun 2021 ƙanƙarar ta kai kusan kashi 59 cikin 100, wato shekara ce mara kyau amma ba ta tashin hankali ba. Aka yi shiri a kan haka. Ƙanƙara ta narke, amma ruwa bai iso dam ba. Abin da ya ɓace tsakanin dutse da madatsu ya haura mita kubik miliyan 800. Dalilin kuwa ƙasar da ke ƙarƙashin ƙanƙarar ta bushe ƙamas tun shekarar da ta gabata, saboda haka ta shanye rabonta kafin ta bar ko ɗigo ya wuce, itatuwa masu ƙishi suka ja nasu, iska mai zafi ta Afrilu da Mayu ta kwashe saura. Bututun bai yi ƙarya ba, ya faɗi abin da ke kan dutse daidai. Lissafin ne ya ɗauka cewa ƙasar bana irin ta shekarun baya ce. Sakamakon ya bayyana a watan Agusta, lokacin da tafkin Oroville ya ja baya har aka kashe injinan wutar lantarkinsa saboda ƙarancin ruwa, karo na farko tun da aka gina shi a ƙarshen shekarun 1960. A dam ɗin Shasta ruwan sanyi bai isa ba, akasarin ƙwan kifin salmon na hunturu ya mutu a kogin Sakaramento. A 2023 babban mai binciken jihar ya fitar da rahoto yana cewa ma'aikatar ta zarce gaskiya a hasashen wannan shekara, kuma ba ta shigar da sauyin yanayi cikin lissafinta yadda ya kamata ba.

Rauni na biyu ya shafi wurin da ma'aunan suke. Bayan filayen awon hannu akwai tashoshi masu aiki da kansu, inda ake shimfiɗa wata faffaɗar jaka cike da ruwan da ba ya daskarewa, ƙanƙara ta danne ta, na'ura ta karanta nauyin ta aika ta rediyo. Gwamnatin tarayya na da irinsu sama da 800 a yammacin ƙasar, ana kiran tsarin SNOTEL, Kalifoniya kuma tana da nata. An kafa yawancinsu a tsakiyar tudu, a sararin da ke cikin daji, inda mutum zai iya kaiwa ya gyara. A shekara mai sanyi wannan ya wadatar, domin abin da ke tsakiya yana wakiltar na sama da na ƙasa. A shekara mai ɗumi layin ƙanƙara yana haurawa sama, ya bar tashar a ƙasa tana karanta sifiri, alhali can ƙololuwa, inda dokar kare daji ta taƙaita kafa na'urori, akwai sauran abin da ba a ƙidaya ba. Wutar daji ma tana ƙone itatuwan da ke yi wa tasha inuwa, sai ƙanƙararta ta riƙa narkewa da wuri, alƙalumanta na yau su daina daidaituwa da na shekara 30 da suka wuce. Sannan fari iri biyu ne a kan dutse, kuma ba su da magani ɗaya. Akwai wanda hadari bai zo ba, kamar Janairun 2015 da birnin San Faransisko bai ga ɗigon ruwa ba duk watan. Akwai kuma wanda hadari ya zo amma ɗumi ya sa ya sauka a matsayin ruwa, ya gangara teku a tsakiyar hunturu. Haka ta faru a jihohin Oregon da Washinton a wannan shekarar, inda ruwan sama ya kusa kai yadda aka saba, amma duwatsun suka kasance fayau, har gwamnan Washinton ya ayyana fari a duk jihar a watan Mayu. Mai kallon ma'aunin ruwan sama kaɗai da ya ce lafiya lau.

To, wani zai ce, in haka ne me ya sa ake wahalar da mutane su hau dutse da bututu a zamanin tauraron ɗan'adam? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma rabinta gaskiya ne. Tun 2013 wani shiri na hukumar NASA, ƙarƙashin masanin ƙanƙara Thomas Painter, ya fara shawagi da jirgi a kan kwarin kogin Tuolumne, wanda daga shi ne San Faransisko ke shan ruwa. Jirgin yana harba hasken leza ƙasa yana auna tsayin kowane taƙi. Ana yin haka sau ɗaya da rani lokacin da dutse yake tsirara, a sake yi da hunturu, bambancin tsayin shi ne zurfin ƙanƙara a kwarin baki ɗaya, har da ƙololuwar da ba mai zuwa. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma shi ne amsar rauni na biyu. Amma jirgi zurfi yake gani, ba ya ɗaga ƙanƙara ya ji nauyinta, saboda haka dole a gwada lissafinsa da abin da aka auna a ƙasa. Tashi guda yana cin kuɗi masu yawa, ba a yinsa kullum, ba a kuma yinsa a kowane kwari. Tauraron ɗan'adam mai ɗaukar hoto yana nuna faɗin inda ƙanƙara ta rufe, amma girgije da itatuwa na tare masa ido, kuma farar shimfiɗa mai kaurin taƙi ɗaya kamanninta ɗaya da mai kaurin gaba biyu idan daga sama ake kallo. Abin da ya fi waɗannan duka, jirgin bai da tarihi. Da za a ce ƙanƙarar 2015 kashi 5 ce, kashi 5 na mene ne? Na kundin da mutane suka tara da ƙafarsu shekara da shekaru a wurare guda. Ranar da aka yanke wannan kundi an rasa abin da za a gwada sabuwar na'ura da shi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wani kuma zai ce awo ba ya ƙara ko ɗigo, kuma manomin da aka hana ruwan kogi rijiya kawai zai haƙa. Wannan ma ya faru. A 2014 da 2015 babban tsarin ban ruwa na tarayya ya ba manoma da yawa na kwarin tsakiyar jihar sifiri, suka koma ga burtsatse, suka ja ruwan ƙarƙashin ƙasa har ƙasa ta riƙa nitsewa kusan santimita 5 a wata a kusa da garin Corcoran, rijiyoyin talakawa suka ƙafe a wurare irin su East Porterville. Duk da haka wannan hujja tana nuna gazawar doka ne, shi ya sa jihar ta kafa dokar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa a 2014. Ba ta rushe amfanin sani da wuri ba. Manomin shinkafa ko tumatir ko auduga yana yanke shawara ne a ƙarshen hunturu: ya ci bashi, ya sayi iri, ya gyara gona, ko ya bar ta ta huta. Idan ya ji gaskiya a Fabrairu, asararsa ribar shekara ce. Idan ya ji ta a Yuli, ya rasa riba da uwar kuɗi, ruwan da ya riga ya zuba wa shukar da ba za ta kai girbi ba shi ma ya tafi a banza. A 2015 an bar sama da eka 500,000 ba a noma ba, kuma duk da zafin wannan, gonar da ba a shuka ba ta fi wadda ta bushe a tsaye sauƙi. Mai gonar itacen almon, wanda Kalifoniya ke samar da kusan kashi 80 na abin da duniya ke ci, ba shi da zaɓin hutu, domin itace ba ya tsallake shekara. Shi ma watannin nan ne ke ba shi damar sayen ruwa daga maƙwabcin da ya fasa shuka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Suka mafi nauyi ita ce ta uku, kuma ta shafi kirana na a raba ruwa bisa hasashe mafi ƙanƙanta. Masu wannan ra'ayi suna cewa yanayin Kalifoniya ba ya da tabbas, guguwa biyu ko uku masu ƙarfi suna iya juya shekara, saboda haka wanda ya tsorata da wuri zai sa a bar gonaki a banza, ko ya tare ruwa a dam har ambaliya ta same shi a cike. Suna da misalai. Shekara biyu kacal bayan ciyawar Phillips, a Fabrairun 2017, ruwa ya yi wa Oroville yawa, mashigar zubar da rararsa ta lalace, aka kwashe mutum sama da 180,000. A 2023 ƙanƙara ta ninka abin da aka saba fiye da sau biyu, har tsohon tafkin Tulare da aka daɗe da mayarwa gonaki ya dawo. Amma rashin tabbas ɗin nan ta fuska biyu yake cizo. A Disambar 2021 an zuba ƙanƙara fiye da mita 5 a tashar bincike da ke kusa da mashigar Donner, mutane suka fara cewa fari ya ƙare, sai Janairu zuwa Maris suka zo a bushe yadda ba a taɓa rubutawa ba, Afrilu ta riski duwatsun da kashi 38 kacal. Kurakuran biyu kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Wanda ya yi alkawarin kaɗan yana iya ƙarawa duk wata idan awo ya nuna alheri. Tsarin ruwan jihar, mai shayar da mutum miliyan 27, ya fara kason 2023 da kashi 5 cikin 100, ya riƙa ɗagawa har ya kai 100 a watan Afrilu, karo na farko tun 2006. Wanda ya saki ruwa a Afrilu bisa hasashen da ya zarce gaskiya kuwa ba shi da hanyar mayar da shi dam a Agusta. Batun ambaliya kuma yana da tasa ƙa'idar, ta barin sarari a dam lokacin hunturu, wadda ita ma awo mai kyau ne ke sa a iya aiki da ita ba tare da zubar da ruwa a banza ba.

Na san wasu a ɗakin nan suna tambayar ina ruwanmu, mu da ba mu da ƙanƙara. Alaƙar guda ce, ba zan kuma ja ta fiye da tsawonta ba. Ruwan da ke sauka a tsaunukan Gini da damina yana daɗewa a fadamun ƙasar Mali, ba ya cika kogin Kwara a Yamai sai wajen Disamba da Janairu, sannan ya wuce zuwa dam ɗin Kainji. Mu ma ke nan muna da ruwan da ake iya aunawa watanni kafin ya iso, kuma amfaninsa ya dogara ne ga ma'aunan da ke can sama da wanda ke karanta su ba fashi. Ɗaliban da ke nazarin ruwa a cikinku za su tarar da matsalar 2021 a gabansu, domin duk lissafin da aka gina a kan shekarun baya yana buƙatar a sake gwada shi idan ƙasa da zafi suka canza.

Game da Kalifoniya, hukuncina shi ne kason ƙanƙara na 1 ga Afrilu bai isa a raba ruwa da shi kaɗai ba a shekarar fari. Ya kamata a riƙa bayyana shi tare da danshin ƙasar da ke ƙarƙashinsa, da tsayin da layin ƙanƙara ya kai, da tazarar da hasashen zai iya kaucewa, a faɗa wa manomi duka ukun a fili tun Fabrairu. Kuɗin shawagin jirgi da na ma'aunan danshi kada a cire su daga kasafin masu hawa dutse da bututu, kuma kada majalisa ta jira sai fari ya zo kafin ta tuna da su, domin ma'aunin da aka kafa a shekarar fari ba shi da shekarun baya da za a gwada shi da su.